Dokokin da ke jiran mai zuba jari a ƙofar 2026

Duk wanda ke da ɗan kuɗi a kasuwar hannayen jari ta Najeriya, ko a takardun bashin gwamnati, ko ma a kirifto, shekarar 2025 ta tara masa dokoki. A watan Maris Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar zuba jari da hada-hadar hannayen jari, wadda ta maye gurbin ta 2007. Ranar 26 ga Yuni ya sa hannu a dokokin haraji guda huɗu. A watan Agusta dokar inshora ta biyo baya. Ga kuma wa'adin da Babban Bankin Najeriya ya ɗibar wa bankuna tun 2024, wanda ƙarshensa Maris 2026 ne. Saboda haka mai tambayar abin da Majalisar Tarayya za ta yi wa masu zuba jari a shekarar 2026 ya ɗan makara. Majalisa ta riga ta yi mafi yawan nata aikin, kuma da zaɓen 2027 a gaba, hankalin 'yan majalisa ya koma mazaɓu. Abin da ya rage yana hannun hukumomi: yadda za su fassara dokokin, da ƙa'idojin da za su fitar, da ranar da za su fara matsawa. A nan ne kuɗin mutum zai ƙaru ko ya ragu.

Bari mu fara da abin da ya fi tayar da ƙura, wato haraji a kan ribar da mutum ya ci idan ya sayar da hannun jarinsa.

An daɗe a ƙasar nan ba a karɓar komai a kan irin wannan riba. Dokar kuɗi ta 2021 ce ta dawo da harajin daga farkon 2022, kashi 10 cikin 100, kuma sai idan abin da mutum ya sayar a cikin wata 12 ya kai naira miliyan 100. Daga 1 ga Janairun 2026 wannan kashi 10 ya tafi. Kamfani zai biya kashi 30, daidai da harajin da yake biya a kan sauran ribarsa. Mutum shi kaɗai kuma za a haɗa ribar da sauran abin da ya samu a shekara, a caje shi bisa matakan harajin kuɗin shiga: naira 800,000 na farko babu haraji, daga nan kashi 15, sai 18, 21, 23, har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50.

Da jin "kashi 30" kasuwa ta tsorata. Ranar 11 ga Nuwamban 2025 ma'aunin kasuwar hannayen jari ta Legas ya faɗi da kusan kashi 5 cikin 100 a yini ɗaya, darajar hannayen jari ta ragu da sama da naira tiriliyan 4. Akwai wasu dalilan a lokacin, ciki har da barazanar da Shugaban Amurka Donald Trump ya yi wa Najeriya a farkon watan, amma dillalai sun fi ɗora laifin a kan harajin. Sai da Ministan Kuɗi na lokacin, Wale Edun, ya fito ya ce gwamnati za ta sake duba lamarin tare da 'yan kasuwa kafin hankula suka kwanta.

To wa harajin zai taɓa? Dokar ta yafe wa wanda jimillar abin da ya sayar a wata 12 bai kai naira miliyan 150 ba, matuƙar ribar da ya ci ba ta wuce miliyan 10 ba. A lura, sharuɗɗan biyu ne, kuma dole su haɗu. Yawancin masu bayani a rediyo miliyan 150 ɗin kawai suke ambata, sai mai sauraro ya ce ai ni ban kai nan ba. Amma a ce malamin makaranta da ya yi ritaya ya zuba miliyan 20 na kuɗin sallamarsa a hannun jarin kamfanin siminti, ya sayar a miliyan 28. Ribarsa miliyan 8, ba ya biyan ko kwabo. Maƙwabcinsa da ya saya a miliyan 25 ya sayar a miliyan 40 bai ko kusanci miliyan 150 ba, amma ribarsa miliyan 15 ce, ya fita daga rangwamen. A kasuwar da wasu hannayen jari suka ninka farashinsu cikin shekara biyu, ribar miliyan 10 ba sai attajiri ba.

Ga wanda ya fi su ƙarfi, lissafin ya fi zafi. Mutum ya sayar da na miliyan 200, ribarsa a ciki miliyan 60, kuma mu ɗauka ba shi da wata hanyar samu a shekarar. A tsohuwar doka miliyan 6 zai biya. A sabuwa, idan aka bi matakan ɗaya bayan ɗaya, abin ya kama miliyan 12 da dubu 930. Ya ninka har da ɗoriya.

Akwai ƙofar fita, kuma a buɗe take: idan ka mayar da kuɗin cikin hannun jarin wani kamfanin Najeriya, babu haraji a kan abin da ka mayar. Manufar a fili take. Gwamnati ba ta damu ka sayar da na banki ka sayi na kamfanin sadarwa ba. Wanda take nema shi ne mai kwashe kuɗinsa ya mayar dala ko ya kai su takardun bashi. Asusun fansho kuma ba ya cikin masu biya. Taiwo Oyedele, shugaban kwamitin da ya tsara dokokin, ya sha nanata cewa mafi yawan masu hannun jari ba za su biya komai ba, kuma idan ana maganar ƙidayar kawuna gaskiya ya faɗa. Sai dai ba kawuna ne ke motsa farashi ba. 'Yan tsirarun da harajin ya shafa, wato manyan kamfanoni da baƙi masu shigo da dala, su ne ke riƙe da kuɗin da idan suka juya baya kowa zai ji a jikinsa. Ƙaramin mai jari ba zai biya harajin ba, amma ranar 11 ga Nuwamba hannun jarinsa ya faɗi tare da na kowa.

Ƙorafin baƙin nan yana da tushe, kuma ya kamata a fahimce shi. A ce wani ya shigo da dala miliyan 1 kafin a saki naira a watan Yunin 2023, lokacin da dala ke wajen naira 450 a farashin gwamnati. Ya sami naira miliyan 450, ya sayi hannun jari, farashi ya ninka, ya zama miliyan 900. A takarda ya ci ribar miliyan 450. Amma idan ya je mayar da kuɗin dala a wajen naira 1,450, abin da zai samu wajen dala dubu 620 ne kawai. Ya yi asarar fiye da sulusin jarinsa, sannan a ce ya biya haraji a kan riba. Ɗan ƙasa ma haka abin yake gare shi ta fuskar tsadar kaya: miliyan 25 na 2022 ya fi miliyan 40 na yau sayen buhunan shinkafa.

Amsar da kwamitin Oyedele ya bayar ita ce ba za a waiwayi tsohuwar riba ba. Ga hannun jarin da mutum ke riƙe da shi tun kafin sabuwar doka, za a ɗauki ko dai farashin da ya saya, ko farashin rufe kasuwa na ranar 31 ga Disambar 2025, duk wanda ya fi yawa, a matsayin kuɗin saye. Wannan sassauci ne babba. Amma bayani ne na kwamiti, kuma ma'aikacin haraji ba da bayanin kwamiti yake aiki ba, da rubutacciyar ƙa'ida yake aiki. Ita ce takarda ta farko da ya kamata mai jari ya sa ido ya ga fitowarta daga sabuwar Hukumar Tara Haraji ta Najeriya, magajiyar tsohuwar hukumar harajin tarayya, FIRS. Kafin nan, ka nemi dillalinka ya ba ka bayanin asusunka na CSCS, wato kamfanin da ke ajiye lissafin hannayen jarin jama'a, da ke nuna abin da kake riƙe da shi a ranar ƙarshe ta 2025, ka ajiye. Mutanenmu da yawa sun gaji hannayen jari ne daga iyaye, takardun shaida na can cikin akwati tare da takardar fili, babu wanda ya san nawa aka saya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani abin lura, a gefe. Daga Oktoban 2024 da aka kai ƙudurorin majalisa, kusan duk ƙarfin Arewa a kan rabon harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan sayen kaya, ya tafi. Gwamnonin Arewa sun taru a Kaduna sun yi watsi da tsarin da zai ba da kashi 60 na kason jihohi bisa inda aka samo harajin, aka yi ta ja-in-ja har aka daidaita a kan kashi 50 raba-daidai, 20 bisa yawan jama'a, 30 bisa inda aka yi amfani da kaya. VAT ɗin kuma aka bar shi a kashi 7.5. Faɗan ya yi amfani. Amma yayin da ake can, sashen harajin ribar hannun jari ya wuce salin-alin, sai da ya rage wata biyu a fara aiki da shi aka farga.

Harajin da ya riga ya fara cizon talaka mai ajiya kuwa ba a cika maganarsa ba. A watan Oktoban 2025 FIRS ta umarci bankuna da dillalai su riƙa cire kashi 10 cikin 100 daga kuɗin ruwan takardun bashi na gajeren zango, irin waɗanda Babban Banki ke sayarwa na kwana 91, 182 da 364, da na kamfanoni. Takardun lamuni na Gwamnatin Tarayya masu dogon zango an bar su babu haraji. Wannan ba shi da rangwamen miliyan 150, kuma tun daga tushe ake cirewa. Ya zo ne a daidai lokacin da kuɗin ruwan ma ya fara sauka: a watan Satumba Babban Banki ya rage ma'aunin kuɗin ruwansa daga kashi 27.5 zuwa 27, karon farko cikin shekaru, saboda hauhawar farashi ta fara lafawa. Masu karatu da dama ba sa taɓa irin waɗannan takardu saboda gudun kuɗin ruwa, sun fi karkata ga sukuk, wato takardar jarin da ba ta da kuɗin ruwa, wanda Ofishin Kula da Basussuka ke fitarwa tun 2017 ana gina hanyoyi da kuɗinsa. Na 2025 naira biliyan 300 aka nema, masu so suka ninka haka sau da yawa. Matsalar sukuk ba doka ba ce, ƙarancinsa ne.

Sai bankuna. A ƙarshen Maris 2024 Babban Banki, ƙarƙashin Olayemi Cardoso, ya ba su wata 24 su ƙara jari: biliyan 500 ga mai lasisin ƙasa da ƙasa, biliyan 200 ga mai aiki a faɗin ƙasa, biliyan 50 ga na shiyya. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, biliyan 20 ne idan na ƙasa baki ɗaya ne, biliyan 10 idan na shiyya ne. Ƙarshen wa'adin shi ne ranar 31 ga Maris 2026. Ƙullin da ke cikin umarnin shi ne ba a lissafa ribar da banki ya tara a baya. Sai sabon kuɗi daga masu hannun jari. Shi ya sa a 2024 da 2025 ko'ina ka duba tallar sayar da hannun jarin banki ce.

Abin da wannan ke nufi ga tsohon mai hannun jari sai an yi masa lissafi. Kana da hannu 100,000 a bankin da ke da hannaye biliyan 10. Bankin ya fitar da sababbi biliyan 10, ya ba ka damar sayen rabonka, ba ka da kuɗi ko ba ka ma ga saƙon ba. Hannunka na nan 100,000, amma kasonka a bankin ya ragu da rabi. Tuwon bai ƙaru nan take ba, hannayen da ke cikin akushin ne suka ninka. Idan bankin ya juya sabon jarin da kyau, riba za ta biyo baya, amma ba a shekarar farko ba. Ƙari a kan haka, a watan Yunin 2025 Babban Banki ya dakatar da rabon riba ga bankunan da har yanzu ke cin gajiyar sassaucin da aka yi musu a kan basussukan da suka maƙale, har sai sun share littattafansu. Dattijon da ya saba jiran rabon ribar banki kafin azumi ya kamata ya bincika ko nasa bankin ya fita daga wannan jerin.

Wanda bai cika wa'adin ba, zaɓinsa kaɗan ne: ya haɗe da wani, a saye shi, ko ya sauko zuwa ƙaramin lasisi. An ga haka a zamanin tsohon gwamnan Babban Banki Charles Soludo, lokacin da aka ɗaga jari daga biliyan 2 zuwa 25, bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005. A wancan zagayen ne Bank of the North ya narke cikin bankin Unity tare da wasu bankuna takwas. A 2025 Unity ɗin ma yana kan haɗewa da bankin Providus. A irin wannan haɗaka, abin da mai hannun jari zai duba shi ne hannu nawa za a ba shi a sabon bankin a madadin nasa, ko nawa za a biya shi. Idan kuwa aka kai ga soke lasisi, kamar yadda aka yi wa Heritage a watan Yunin 2024, hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, tana biyan mai ajiya har naira miliyan 5 nan take, saura ya jira a sayar da kadarori. Mai hannun jari shi ne na ƙarshe a layi, kuma galibi kafin a zo kansa babu abin da ya rage.

Kamfanonin inshora ma suna kan irin wannan siraɗi, nasu wa'adin a ƙarshen Yulin 2026: biliyan 10 ga masu inshorar rai, 15 ga sauran, 35 ga masu yi wa kamfanonin inshora inshora. Lissafin da aka yi wa bankuna shi ne nasu.

Dokar zuba jari ta watan Maris 2025 ita ce ta fi kusa da rayuwar matasa, ko da ba su san da ita ba. A karon farko doka ta amince cewa kadarorin intanet irin su kirifto suna cikin abin da hukumar kula da kasuwar hannayen jari, SEC, ke sa wa ido, don haka duk dandalin da ke saye da sayar da su ga 'yan Najeriya sai ya yi rajista. Idan aka tuna cewa a Fabrairun 2021 Babban Banki ya hana bankuna taɓa kirifto, bai janye ba sai Disambar 2023, za a ga nisan tafiyar. Amma amincewa tana zuwa da kuɗinta: ribar kirifto ma tana cikin abin da sabuwar dokar haraji ta kama, kuma dandalin da ya yi rajista dandali ne da hukuma za ta iya neman bayanan abokan hulɗarsa.

Dokar ta kuma ambaci damfarar nan ta zuba-kaɗan-kwashi-ninki ƙarara, ta yanke wa mai shirya ta tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun. Ba a yi wata guda da sa mata hannu ba wani dandalin irin wannan damfara mai suna CBEX ya rufe da kuɗin jama'a a watan Afrilu, kamar yadda MMM ya yi a ƙarshen 2016. A ganina wannan sashe ba zai tsorata kowa ba sai ranar da aka ga fitaccen mai tallata irin waɗannan a TikTok ya shiga kurkuku. Amfaninsa na yanzu ɗaya ne: SEC na da jerin kamfanonin da ta yi wa rajista a shafinta, duba shi ba ya cin minti biyar, kuma takardar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, da 'yan damfara ke nunawa ba lasisin karɓar jarin jama'a ba ce.

Akwai wani sashe na dokar da ban ji ana tattauna shi a Arewa ba, alhali mu ya fi shafa. Ta shimfiɗa tsari ga kasuwannin hada-hadar amfanin gona da takardar shaidar ajiya a rumbu. Ma'ana, ɗan kasuwar Dawanau da ya ajiye buhu 500 na riɗi ko waken suya a rumbun da aka yi wa rajista zai karɓi takardar da ke nuna nauyi da ingancin kayan, ya iya sayar da ita ko ya jinginar da ita ya karɓi jari, ba tare da an ɗaga buhu ko ɗaya ba. Kamfanoni irin su AFEX sun daɗe suna gwada wannan. Abin da ya hana shi yaɗuwa shi ne banki bai yarda da takardar ba, domin idan rigima ta tashi babu dokar da zai riƙe. Yanzu akwai. Saura rumbunan da za a amince da su da masu auna inganci da ba a saye su.

Labari mai daɗi da aka samu a 2025 shi ne fitar Najeriya, ranar 24 ga Oktoba, daga jerin ƙasashen da hukumar FATF ke sa wa ido kan safarar kuɗin haram, inda ta shiga tun Fabrairun 2023. Wannan zai rage wa masu tura kuɗi da masu shigo da jari tambayoyi da jinkiri a bankunan waje. Daga ƙarshen Nuwamba kuma an rage kwanakin kammala ciniki a kasuwar hannayen jari daga uku zuwa biyu.

Sai dai shekarar ba ta ƙare lafiya ba. A tsakiyar Disamba ɗan majalisar wakilai daga Sakkwato, Abdussamad Dasuki, ya tashi a zauren majalisa ya ce dokokin harajin da aka buga a gazet, wato jaridar gwamnati ta wallafa dokoki, ba su yi daidai da waɗanda majalisa ta zartar ba. Majalisar ta kafa kwamiti, shugabanninta suka ba da umarnin a sake bugawa, 'yan adawa suka ce a dakatar da fara aiki, fadar shugaban ƙasa ta ce 1 ga Janairu na nan daram. Ko mene ne sakamakon binciken, ɓarnar ga mai zuba jari ta riga ta auku. Mai kuɗi zai iya zama da haraji mai tsada, ya sa shi cikin lissafi ya ga ko cinikin zai fitar da shi. Abin da ba ya iya lissafawa shi ne dokar da ba a tabbatar da wane kwafinta ne na gaskiya ba, domin duk harajin da aka karɓa a kanta ana iya ƙalubalantarsa a kotu, duk rangwamen da ya dogara da shi kuma ana iya cewa ba ya cikin sahihin kwafi. Haka ma alkawarin sauke harajin kamfanoni daga kashi 30 zuwa 25: dokar ta ba shugaban ƙasa ikon yin hakan, ba ta sa masa rana ba, kuma gwamnatin da ke cike giɓin kasafinta da bashi ba ta cika gaggawar rage wa kanta kuɗin shiga ba. Wanda zai sayi hannun jarin kamfani a watan Janairun 2026 ya yi lissafinsa da kashi 30.